Neman Ƙarshen Labarin Gwamma

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa aikin takawa, ya buɗe baki ya ba kunne aikin saurare. Ku matso ku gyara zama, mai goro ya ɓantara wa na kusa da shi. Ni ne Jatau ɗan Cindo masassaƙi, mutumin Dabagira, garin da ke gindin Dutsen Gishiri, can inda wata biyu ke fitowa a sama, babba da ƙarami, kamar uwa da 'yarta. Tafiyar da zan ba ku labarinta ba ta fatauci ba ce, ba ta neman aure ba. Ƙarshen wani labari na fita nema, na kuwa sha wuyar da mai neman sarauta bai sha ba.

Sassaƙa na gada, turmi da akushi da muciya. Amma tun ina ƙarami abu biyu suka raba zuciyata, dara da labari. In ana dara a ƙofar wani gida, ko aike aka yi mini sai na ga wanda ya ci. In kuwa aka ce ga mai ba da labari, to ranar gizagona hutu yake yi.

Wata shekara wani tsoho ya sauka garinmu, siriri, da ɗan gemu irin na bunsuru, ana ce masa Barmo Mai-Zance. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar kasuwa, inda maza ke zama, ya ɗauko labarin Gwamma. Gwamma wata mace ce da aka sace wa garinsu ruwan sama. Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa ne ya ɗure damina guda a cikin tulu, ya ɓoye. Ita kuwa ta bi ta wata tsohuwar rijiya ta gangara, ta ratsa kasuwar da ke ƙarƙashin ƙasa, ta yi wa dogarawansa wayo, ta ɗauko tulun. Kwana tara Barmo yana jan mu. A rana ta tara ya kai inda Gwamma ta kamo igiyar rijiya tana lilo a tsakiya, an janye tsani daga ƙasa, hannu ɗaya ga igiya, hannu ɗaya rungume da tulu. Hawa sai da hannu biyu. In ta saki tulu, garinsu ya mutu da ƙishi. In ta saki igiya, ta tafi har tulun. Nan ya naɗe buzu ya ce sai gobe.

Gobe ta yi, muka cika gindin tsamiya. Ba Barmo, ba dalilinsa.

Sauran mutane suka yi tsaki, bayan mako suka manta. Ni abin ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Na shiga tsince guntayen itace ina sassaƙa mutanen labarin, ga Gwamma da tulunta, ga Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa da ƙaton cikinsa, ga dogarai. In jera su a ƙasa in yi ta ƙaga yadda za ta fita. Sai da na ƙaga ƙarshe arba'in da ɗaya, ba wanda ya kwanta mini.

Ran nan wata maƙwabciya ta dawo da muciyar da na sassaƙa mata, wai ta ga ido da hanci a jikinta, ta kasa tuƙa tuwo da abin da ke kallonta. Innata ta juya muciyar, ta dube ni.

Ta ce, "Jatau, jikinka ne a gidan nan, kai kana cikin rijiya. Tashi ka bi tsohon nan ka ji abin da za ka ji, ka dawo mana mutum."

Na ce, "Inna, ban san inda ya nufa ba."

Ta ce, "Mai surutu ba ya ɓata. Bi inda kunnuwa suka yi zafi."

Ta ɗaura mini dakuwa da ƙuli-ƙuli, na zuba mutanena na itace a burgami, na kama hanyar gabas.

Kwana goma sha biyu ina tafiya cikin dajin da itatuwansa ke juya baya in mutum ya dube su, har na iso Kogin Malmo, wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Ba jirgi, ba gada. Mai fito ɗaya ce, wata kififfiya mai faɗin sheƙar sussuka, wadda ta ba shekara ɗari uku baya. A bayanta akwai gurabun dara talatin, halittarta ce haka.

Ta ce, "Ɗan Adam, ga sharaɗina. Ka hau mu yi dara muna tafiya. Ni zan faɗi inda nake so, kai ka ajiye mini, in ka yi maguɗi ina ji a jikina. In ka cinye ni, na kai ka. In na cinye ka, na nutsa."

A Dabagira ba mai zama gabana a dara, saboda haka na hau ina murmushi. Kafin mu kai tsakiyar kogi murmushin ya koma ciki. Ta cinye mini 'ya'ya takwas, saura huɗu, ga ruwa baƙi ƙirin ko'ina. Na ga dai abin ya zo. Na ciro Gwamma daga burgami na ce, "Allah sarki Gwamma, ke kina rijiya, ni ina kogi, ba wanda zai ji ƙarshen wani."

Kififfiya ta rage gudu. Ta ce, "Wace Gwamma? Ta tulu?"

Na ce, "Ita fa, Iya. Kin san ta?"

Ta ce, "Wani tsoho mai gemun bunsuru ya hau bayana bara, ya ce a maimakon dara zai biya ni da labari. Muna isa gaɓa ya daka tsalle, ya bar mini yarinyar mutane tana lilo. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Na ce, "Ni ina da ƙarshe arba'in da ɗaya, nawa na kaina. Amma tunda wasa ya zo kaina, bari in taka a cinye ni, in tafi da su ƙasan ruwa."

Ta ce, "Dakata da takawar. Faɗi ɗaya mu ji."

Na ce wata mikiya ce ta sauko cikin rijiyar ta ɗauke ta. Ta ce wace mikiya, a ina aka ambaci mikiya a labarin, wannan ai ragon ƙarshe ne. Na ce to ta kama bakin tulu da haƙori. Ta ce damina guda a haƙori, ko kura ba ta iya ba. Na ce to ta shanye ruwan duka, ta hau, ta je gari ta amayar. Kififfiya ta yi dariyar da sai da 'ya'yan dara suka yi tsalle a bayanta, ta ce, "Wa zai yi shuka da amai?" Haka muka yi ta yi, ina kawowa tana rushewa, ina kare nawa tana ƙara zafi, ƙafafunta kuwa suna ta tuƙi ba ta sani ba. Muna kan na ashirin da uku ƙirjinta ya daki yashi. Na sauka a hankali, na gyara burgamina.

Ta ce, "Wasa bai ƙare ba."

Na ce, "Bai ƙare ba, Iya, amma ƙafata tana tudu."

Ta dube ni ta ce, "Ya bi ta Zarangal. In ka samo na gaskiyar, ka biyo ta nan. Fito kyauta."

Zarangal garin marina ne, tun daga nesa ake jin warin baba. Ina isa ƙofa wani ƙato mai shuɗin hannu ya tare ni ya ce, "Baƙo, igiya ko tulu?" Na zaci talla yake yi, na ce, "In dai da zaɓi, igiya ta fi mini amfani a hanya." Ban rufe baki ba mutum huɗu suka ɗauke ni cak suka tsoma a rijiyar shuni har wuya. Da suka tsamo ni, ƙaton ya yi mini bayani cikin ladabi. Ashe Barmo ya yi kwana tara a nan ma. Da ya gudu, gari ya rabu biyu. 'Yan igiya suka ce Gwamma ta saki tulu ta tsira, rai ya fi komai. 'Yan tulu suka ce ta riƙe amana ko za ta shekara arba'in tana lilo. Gardama ta kai har aka ja katanga ta tsakiyar kasuwa, wa da ƙane ba sa gaisawa. Ni kuwa ta ƙofar 'yan tulu na shigo.

Suka cilla ni ta kan katanga wajen 'yan'uwana, in ji su. Na faɗo, burgami ya zube. 'Yan igiya suka tsinci Gwamma, suka ga yadda na sassaƙa ta ta ƙanƙame tulu a ƙirji. Suka ce ɗan leƙen asiri ne, a kai shi rijiyar jan rini. Na ga in na yi sanya zan fita garin nan rabi shuɗi rabi ja kamar zanen amarya. Na fizge, na kwashi mutanena, na ɗare kan katanga inda kowane ɓangare ke ganina.

Na ce, "Jama'ar Zarangal, ni Barmo na fito nema, kuma ba zan koma gida ba sai na kawo shi nan ya faɗi ƙarshen da bakinsa. Na san a cikinku akwai ɓangaren da ba ya so ya zo, don ya san kunya zai sha. Ba sai na faɗi suna ba. Za a gane shi wajen guzuri."

Can sai wani daga 'yan tulu ya miƙo kilishi. 'Yan igiya suka miƙo zuma. Kafin azahar na rasa inda zan sa kaya. Daga ƙarshe 'yan igiya suka jawo wata jimina mai sirdi, 'yan tulu suka ce ai linzamin nasu ne. Na hau, na bar su suna gardamar wanda ya fi bayarwa.

Jiminar nan ta keta Hamadar Madubi da ni cikin kwana shida, inda mutum ke ganin ƙeyarsa a gabansa. Ran na bakwai muka iso Birnin Kuka. Kuka ce guda ɗaya, amma kewaya gindinta tafiyar yini ce. An fafe cikinta hawa bakwai, da unguwanni da kasuwa da masallaci, fada tana can ƙoli. Tsakiyarta rami ne tun daga sama har ƙasa, a gindin kuwa ruwan da gari ke sha.

A wani reshe na hawa na bakwai na ga kwando yana reto, da ɗan gemu ya leƙo ta baki. Na bi reshen da rarrafe.

Na ce, "Baba Barmo, barka da hutawa. Daga Dabagira nake. Mako uku ina bin sawunka. Yaya Gwamma ta fita?"

Ya dube ni, shuɗi tun daga wuya har ƙafa, ya ce, "Ka biyo ta Zarangal ke nan." Sannan ya sunkuyar da kai. "Ɗana, ni farkon labari Allah ya ba ni. Tsakiya ma ina taɓawa. Ƙarshe kuwa ban taɓa ganinsa ba. Shekara ashirin ina sa matar nan cikin rijiya, kowane gari ina cewa wannan karon dabara za ta zo mini kafin rana ta goma. Ba ta zuwa, sai in naɗe buzu. Nan kuwa ƙofar fita ɗaya ce, aka riga ni."

Na ji kamar in kwance igiyar kwandon. Na ce, "Na kusa zama abincin kifi saboda kai."

Ya ce, "Ka yi haƙuri, hukuncina ya riga ya fito. Sarki Ƙosau ya ce in hantsin gobe ya yi ban ƙarasa ba, za a zura ni ramin kukar nan, igiya a hannu ɗaya, tulu cike a ɗaya, in gano dabarar da jikina." Ya nuna mini hannuwansa, sirara kamar karan dawa.

Fushina ya sauka. Mutumin nan ya cuce ni, amma kwana tara mafi daɗi a rayuwata shi ya ba ni. Na zayyana masa arba'in da ɗayan nan duka, ya saurara, ya ce na goma sha bakwai da dama-dama, amma ba zai ceci wuyan kowa ba.

Da sassafe na nemi iso wajen sarki. Sarki Ƙosau gajere ne mai saurin magana, ba ya iya jiran a gama gaishe shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ɗaya ya kasa, a gwada kawuna da yawa. Ina da wani wasa."

Na ɗauki gawayi na zana rijiya a daɓen fada, da kasuwar ƙarƙashin ƙasa a gindinta. Na jera mutanena. Na kankare 'ya'yan tsamiya huɗu, gefe ɗaya fari. Na ce kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In dabarar mai yiwuwa ce, a watsa 'ya'yan tsamiya, fari uku ta yi, ƙasa da haka ta ɓaci. Barmo kuwa a sauko da shi ya riƙa faɗin abin da ya biyo baya. Sarki ya yi wuf ya ɗauki Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa, ya ce sarauta ba ta zama a hannun talaka ko ta itace ce. Ya ƙara da cewa in inuwar ƙofa ta taɓo bakin zanen nan Gwamma ba ta fita ba, magana tana nan.

Wanzamin sarki ya fara ɗaukar Gwamma. Ya ce zai jefa tulun sama ya hau da sauri ya cafe. Aka watsa, fari ɗaya. Barmo ya ce tulu ya dawo ya same ta a ka. Sarkin ƙofa ya karɓa, ya ce zai yi ihu a jawo shi. Barmo ya ce wa zai ji, garin duk sun tafi neman ruwa. Sarki kuwa wasa ya shige shi, ya tuɓe rawani, yana ta tura dogaransa na itace su girgiza igiya, yana dariya har da buga ƙafa. Sau tara Gwamma tana faɗawa. Saura taki ɗaya inuwa ta taɓo zane.

Sai ga wata dattijuwa ta shigo da ƙwaryar fura a ka, ba ta ko riƙe ba. Gwaggo Lanti ce, ƙanwar uban sarki, wadda ta goye shi. Ta tsaya ta dube mu, manyan mutane a durƙushe a ƙasa.

Ta ce, "Ƙosau, da gemunka kake wasan 'yar tsana?"

Ya ce, "Gwaggo, ba 'yar tsana ba ce, Gwamma ce. Shari'a muke yi."

Ta ce, "Wace ce Gwamma?"

Ashe ba wanda ya taɓa ba ta labarin. Na taƙaita mata. Ta ajiye fura, ta ɗauki Gwamma ta jujjuya.

Ta ce, "Wa ya sassaƙa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Gwaggo."

Ta ce, "Hannunka da kyau. Amma ka taɓa zuwa ɗiban ruwa?"

Na ce ban taɓa ba. Ta tambayi Barmo, ya ce shi ma haka. Ta bi fadawa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Ta ce, "Wace mace ce ke rungumar tulu kamar jariri? Ba ta da kai ne? Ta naɗe igiya a ƙafa ta tsaya a kai, ta ɗora tulunta, ta hau da hannu biyu."

Sarki ya ce, "Gwaggo, doka sai an watsa 'ya'yan tsamiya."

Ta ce, "Watsa wa kanka. Ina tulun da igiyar da kuka tanadar wa bawan Allah nan?"

Ba wanda ya isa ya hana ta. Aka zura ta ramin kuka tsawon gaba goma, tulu cike a hannu ɗaya, muna leƙe ta baki, sarki yana ta salati. Muka ga ta murɗa ƙafa ta naɗe igiya, ta zame ɗankwali da kafaɗa ya taru a tsakar ka, ta ɗaga tulu ta ɗora, ta ɗan girgiza wuya ya zauna. Sannan ta kamo igiya tana hawowa, tana mita wai igiyar ba ta da kyau, a zamaninsu da goyo a baya suke wannan hawan tun daga gindi. Ta fito ta sauke tulu gaban sarki. Ko ɗigo bai zuba ba.

Barmo ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin murya irin ta ranar ba. Ya fito da Gwamma daga rijiya, ya bi da ita ta gonakin da suka tsage, ya kai ta dandalin garinsu, ta buɗe tulu, hadari ya fita kamar hayaƙi ya rufe sama. Da ya zo inda ɗigon farko ya faɗi a goshin wata tsohuwa, wanzami yana kuka a fili, ni ma ban tsaya duba wanda ke kallona ba.

Sarki ya yafe masa, bisa sharaɗin ya koma duk garin da ya bari da ƙishi ya ƙarasa musu, ni kuma in raka shi kada ya naɗe buzu a hanya. Mutanena na itace kuwa ban fita da su ba. Gwaggo Lanti ta ƙulle Gwamma a bakin zane, ta ce yarinyar ba ta gama ba, akwai wani mai sayar da barkono a kasuwar ƙarƙashin ƙasa da ya yi mata rashin kunya, gobe za ta koma kansa. Sarki ya ce in ta koma dogaransa na nan. Sai da na yi mako biyu ina sassaƙa musu ƙarin mutane, har masu kitso da masu awo suka fara zana rijiya a ƙofar gidajensu.

Ran da muka fita, muna bisa jimina, ni a gaba Barmo a baya, kuka ta fara ƙanƙancewa a bayanmu, sai na ji ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Jatau, wani labari ya zo mini. Akwai wani maƙeri da ya ƙera mabuɗi, ya rasa ƙofar da..."

Na ja linzami, jimina ta tsaya. Na ce, "Baba, faɗi ƙarshen tukuna."

Ya ce, "Ai ba a fara labari ta ƙarshe."

Na ce, "Yau za a fara. In ba haka ba, sauka ka taka."

Ya dubi hamada, ya dubi ƙafafunsa. Sai wajen la'asar ya taɓa kafaɗata ya ce, a hankali, "Maƙerin yana da mata. In mun isa gari na gaba, ka tsaya a bakin rijiya in yi wa mata masu ɗiban ruwa wata tambaya."

Nan na ajiye nawa zancen. Wanda ya ji daɗi ya yi wa Barmo addu'a, don Zarangal tana gabanmu a lokacin, kuma rijiyoyin rininsu biyu ne.